Darasi: Cuta da Magani a Tarihin Maraɗi, Tibiri da Jiratawa

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bambanta cuta da annoba, ya kuma bayyana abin da ake nufi da ƙwayar cuta da rigakafi;
2. ba da misalin yadda cuta ta taɓa juya akalar tarihi a ƙasar Hausa;
3. faɗin yadda aka kawar da agana, da yadda kuturta ta zama cutar da ake warkewa;
4. bayyana abin da duniya ta koya daga jihar Maraɗi game da tamowa da zawon jarirai;
5. haɗa ruwan gishiri da sukari, karanta igiyar awon dantse, da lissafa ranakun lamba.

1. Masu magani na farko

Idan ana ba da tarihin ƙasarmu, sarakuna da yaƙe-yaƙe ake fara ambata. Kun ji yadda sarakunan Katsina da jihadi ya tasa suka zauna a Maraɗi wajen 1819 ƙarƙashin Ɗan Kasawa, da yadda Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Amma ku tambayi tsohuwa shekarar da aka haife ta, da wuya ta kira sunan yaƙi. Cewa za ta yi shekarar agana, ko shekarar yunwa, ko ranin da sanƙarau ya shiga gari. Ita ma tarihi take bayarwa, kuma nata ya fi taɓa cikin gidaje.

Kafin zuwan asibiti, kowace larura da mai ita. Wanda ya karye a kai shi wurin maɗori. Wanzami ke yin ƙaho da kaciya da cire beli. Ungozoma ke karɓar haihuwa, boka ya san saiwa da sassaƙe, malam ya ba da rubutu da tofi. Sha'anin bori kuwa har fada ya kai, domin Iya a Maraɗi da Inna a Gobir su ne shugabannin ƴan bori. Akwai kuma ilimin littafi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya ci Gobirawa da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke, ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basur.

Bai kamata mu raina mutanen nan ba. Sun ɗora ƙashi ya kama, sun tsaya a kan mata masu naƙuda a lokacin da babu kowa sai su. Amma akwai abin da ido ba ya gani, shi ya sa aska ɗaya take zagaya mutum goma, a yanke cibiyar jariri da ƙarfen da ba a tafasa ba. Kuma idan annoba ta shigo, dukkansu hannu bibbiyu suke kai wa ka. Abu ɗaya da aka sani tun da daɗewa shi ne killacewa. Hadisi ingantacce ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita. Da shi Halifa Umar ya yi aiki lokacin da ya juya daga hanyar Sham saboda annobar Amwas.

> AKWATIN KALMOMI
> Cuta: duk abin da ya hana jiki yin aikinsa yadda ya saba.
> Annoba: cutar da ta kama mutane da yawa a wuri ɗaya cikin ɗan lokaci, fiye da yadda aka saba gani.
> Killacewa: raba mai cuta mai yaɗuwa da sauran jama'a har haɗarin ya wuce.

2. Ƙwayar cuta, da sauron da ya tsare ƙofa

Cututtuka masu yaɗuwa ƙananan halittu ne ke kawo su, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Kowace da hanyarta: wata ta ruwa, wata ta numfashi, wata ta jini, wata ta cizon ƙwaro. Wanda ya san hanyar ya san inda zai tare.

Ku ɗauki masassarar cizon sauro. Shekaru ɗaruruwa Turawa suna ciniki a bakin teku, amma shiga tsakiyar Afirka ta Yamma ya gagare su, kuma zazzaɓi na daga cikin manyan dalilai. A 1841 Ingila ta aiko jiragen ruwa su hau kogin Kwara. Daga Turawa 145, kimanin 40 zazzaɓi ya kashe. Matafiya uku da suka taso daga Tarabulus a 1850, wato Richardson da Barth da Overweg, Barth kaɗai ya koma gida. Shi Overweg ya ziyarci Maraɗi da Gobir a 1851, shekara ɗaya bayan haka zazzaɓi ya kashe shi a gefen tafkin Chadi.

Sai aka gane amfanin shan kwinin kullum kafin ciwo ya kama. Daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu ake samun sa, kuma masu haɗa magani biyu na Faransa ne suka tace shi a 1820. A 1854 likita William Baikie ya hau Kwara da Binuwai yana ba mutanensa kwinin, ya dawo ba Baturen da ya rasu. Ba kwinin kaɗai ya kawo mulkin mallaka ba, akwai bindiga mai ruwa da jirgin tururi da rarrabuwar kan sarakuna. Amma shi ya cire musu tsoron da ya fi kowane girma. Kafin a cika shekara 50, sojojin Voulet da Chanoine sun ratsa ƙasar Hausa ta Nijar suna ƙone garuruwa a 1899, Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Ingila a 1903.

Ita ƙwayar masassarar, likitan Faransa Laveran ne ya fara ganin ta cikin jini a Aljeriya a 1880, Ronald Ross kuma ya tabbatar a 1897 cewa sauro ke ɗaukar ta. Daga wannan sanin aka samu gidan sauro mai magani, da ƙwayoyin da ake bi gida gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata na damina, aikin da aka fara a Nijar a 2013.

> AKWATIN KALMOMI
> Ƙwayar cuta: ƙaramar halitta da ke shiga jiki ta hayayyafa ta kawo ciwo.
> Garkuwar jiki: ƙarfin da jiki ke da shi na gane ƙwayar cuta ya kashe ta.
> Rigakafi ko lamba: koya wa garkuwar jiki sanin ƙwayar cuta tun kafin ta zo.

3. Agana

Yaran yau ba su san agana ba, kuma wannan babbar ni'ima ce. Cuta ce ta rani. Tana farawa da zazzaɓi mai zafi, sannan ƙuraje su feso a fuska da hannu da ƙafa. Mai tsananinta tana kashe kusan mutum 3 cikin 10, waɗanda suka tashi kuma ta bar musu zanzana, wasu ta makantar da su. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, likita Abubakar ar-Razi ya rubuta yadda ake bambanta ta da ƙyanda.

Mutane sun lura tun da cewa wanda agana ta taɓa kamawa ba ta sake kama shi. A sassa da dama na Afirka ta Yamma sai aka riƙa ɗebo ruwan ƙurjin mai ciwo, a tsaga fatar mai lafiya a shafa masa, don ya yi ƙaramin ciwo ya tsira daga babba. Wani bawa ɗan Afirka da aka sa wa suna Onesimus shi ya koya wa mutanen birnin Boston na Amurka wannan dabara, suka jarraba ta a annobar 1721.

*Misali na 1.* A Boston, cikin kowane mutum 100 da agana ta kama da kanta, kimanin 14 suka mutu. Cikin kowane 100 da aka yi wa tsaga, kimanin 2 suka mutu. Ku ƙaddara unguwa mai mutum 500, kuma dukkansu suka kamu. 500 ɗari biyar ne, don haka 14 × 5 = mutum 70. Da an yi musu tsaga, 2 × 5 = mutum 10. Bambanci rai 60. Irin wannan ƙidaya ita ce ke nuna ko magani yana aiki. Labarin mutum ɗaya da ya sha ya warke bai isa hujja ba, domin wasu suna warkewa ko ba su sha komai ba.

Tsagar tana da aibi biyu: tana kashe wasu, kuma wanda aka yi wa yana iya shafa wa maƙwabta cikakkiyar agana. A 1796 likitan Ingila Edward Jenner ya yi amfani da wani ƙurji na shanu mai sauƙi, wanda ke ba da kariya ba tare da wannan haɗari ba. Amma kafin lamba ta kai ƙauyukanmu yadda ya kamata an daɗe, saboda zafi yana lalata ruwan maganin a hanya. Sai da aka iya busar da shi ya zama gari. A 1967 aka fara babban gangami a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar, da wata bindigar allura da ake takawa da ƙafa, mai yi wa ɗaruruwan mutane lamba cikin awa ɗaya. A gabashin Najeriya kuma likita William Foege ya nuna cewa idan aka gano mai ciwo da wuri, aka yi wa duk waɗanda ke kewaye da shi lamba, cutar ta rasa wurin zuwa. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Afirka ta Yamma, a 1977 na ƙarshe da ya kamu da ita cikin jama'a a Somaliya, a ranar 8 ga Mayu 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an gama da ita.

Idan akwai dattijo a ajin nan, ya nuna muku tabon dantsensa. Na matasa kuwa tabon lambar tarin fuka ne.

4. Kuturta da asibitin Danja

A nan ina so mu dakata, domin babu cutar da aka zalunci masu ita kamar kuturta. An raba musu ƙwarya, an hana su aure, an mai da bara ta zama sana'arsu har suna da sarkinsu. Mutane sun ɗauka gado ce ko baki. Ba ko ɗaya. Ƙwayar cuta ce, wadda likitan Norway Hansen ya gano a 1873. Tana yaɗuwa ta numfashi bayan doguwar cuɗanya da wanda bai fara shan magani ba, kuma mafi yawan mutane garkuwar jikinsu tana kare su ko da sun zauna da mai ita.

Kuturta ba ta cin yatsu kai tsaye. Jijiyoyin ji take kashewa. Mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, miki ya ruɓe, a hankali gaɓa ta lalace. Wanda ya zo da wuri yana warkewa da yatsunsa cif.

Mishan ɗin SIM ya zauna a Tibiri a ƙarshen shekarun 1920 yana ba da magani, a shekarun 1950 kuma ya buɗe asibitin kutare a Danja, cikin ƙaramar hukumar Jiratawa. A wancan zamani magani ɗaya ne, dapson, kuma shekara da shekaru ake shan sa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, lokacin shan ya ragu, yau wata 6 ne ko 12. Tun 1995 kyauta ake ba da su. Da zarar mutum ya fara sha, ya daina yaɗa cutar. A 2012 aka ƙara wa Danja sashen aikin yoyon fitsari, wata larurar da ita ma ake ƙyamar masu ita ba da laifinsu ba.

*Misali na 2.* Wata mata a Tibiri ta ga tabo mai haske a bayan hannunta. Ran nan tana sauke tukunya, wuta ta lashi wurin ba ta ji ba. Ta ce wa yayarta: "Yaya, kada ki faɗa wa kowa, ina jin tsoron maganar mutane." Yayar ta sa ta rufe ido, ta shafa auduga a kan tabon, ba ta ji ba, ta shafa a gefe, ta ji. Sai ta ce: "Ƙanwata, tashi mu je likita yau. Ɓoyewa ce ke kai mutum ga rasa yatsa." Abin lura: tabon da ba ya jin taɓi, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, na likita ne.

5. Sanƙarau da kwalara

Muna zaune cikin yankin da likita Lapeyssonnie ya fara zanawa a taswira a 1963, wanda yau ake lissafa shi daga Senegal zuwa Habasha, inda sanƙarau ke dawowa da rani, daga hunturu zuwa bazara, ya lafa da saukar ruwa. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama kimanin mutum 250,000 a Afirka, ta kashe wajen 25,000. A 2010 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fara amfani da allurar MenAfriVac, nau'in A da ya fi addabar mu ya kusa ɓacewa. Amma a 2015 nau'in C ya tashi a Nijar ya kama fiye da mutum 8,000, saboda haka zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya har yanzu abin gudu ne zuwa asibiti a ranar.

Kwalara ta ruwa da abinci take bi. A watan Yuli 2018 ta ɓulla a gundumar Madarunfa, ta kama fiye da mutum 3,000 a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Ƙarewar ruwan jiki ke kisa, wani lokaci cikin awoyi kaɗan.

*Misali na 3.* Yaro ya fara zawo da dare, babu ƙunshin gishirin likita a gida. A samu ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A motsa. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a ci gaba da ba shi nono, a kama hanyar likita. Idan lita 2 za a haɗa, sukari cokali 12, gishiri cokali 1. Kada a ƙara gishiri da sunan ƙarfi, yawansa illa ne. Abin da ya kwana ya wuni a zubar.

6. Abin da duniya ta koya daga Maraɗi

Yunwa ba baƙuwa ba ce a nan. An yi Kakalaba a 1913 zuwa 1914, an yi farin 1973 da na 1984. Yunwa da cuta kuwa tare suke tafiya: yaron da bai ƙoshi ba garkuwarsa ta yi rauni, ƙyanda ko zawo su kayar da shi, ciwon kuma ya ƙara ramar da shi.

A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri a wasu wurare, fara ta sauka. A 2005 hatsi yana kasuwa, amma kuɗin tiya ya fi ƙarfin talaka. Jihar Maraɗi da ake kira rumbun Nijar ita ta fi kowace yawan yara masu tamowa. A tsohon tsari, yaro mai tamowa mai tsanani sai an kwantar da shi makonni ana dama masa madara ta musamman, uwa ta bar gona da sauran ƴaƴa. Gadaje ba za su taɓa isa ba.

Ƙungiyar likitoci ta MSF, na gari na kowa, ta bi wata hanya. Ta yi amfani da Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, wanda likita André Briend da kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro a 1996. Ba ya buƙatar ruwa ko wuta ko firji. Uwa ta karɓi na mako guda ta koma gida, ta dawo awo. Masu wani ciwo a kai ko waɗanda suka ƙi ci su kaɗai ake kwantarwa. A shekarar an yi wa yara fiye da 60,000 magani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kimanin 9 cikin 10 suka warke. Ba a taɓa yin aikin da yawa haka ba. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da jinyar tamowa a gida. A ganina, iyaye matan da suka yi ta takowa daga ƙauyuka da goyo kowane mako su ne suka tabbatar da tsarin, kuma sun cancanci a ambace su a tarihin magani.

> AKWATIN KALMOMI
> Tamowa: ramar da ke kama yaro saboda ƙarancin abinci mai gina jiki ko yawan ciwo.
> Igiyar awon dantse: igiya mai launi uku da ake auna yaro ɗan wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5.
> Gwajin magani: ba wani rukuni magani, a kwatanta shi da rukunin da bai samu ba, da yardar masu shiga.

*Misali na 4.* Wata uwa a Jiratawa ta auna tsakiyar dantsen ɗiyarta na hagu, igiya ta tsaya a milimita 112. Ƙasa da 115 ja ne, tamowa mai tsanani, a tafi likita yau. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya ne, a je a duba ta. Daga 125 zuwa sama kore ne. Idan ƙafafu biyu sun kumbura, a tafi ko da igiya ta nuna kore. Kuma abincin da aka ba ta magani ne nata ita kaɗai, ba na rabawa ba, ba na sayarwa ba.

Abu na biyu ya faru a Madarunfa. Ƙwayar rota ita ce kan gaba wajen kawo zawo mai tsanani ga jarirai. Akwai rigakafinta, amma a lokacin sai da firji, ƙauyuka da yawa kuwa babu wuta. Daga 2014 cibiyar bincike ta Epicentre, tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar, ta gwada wani sabon ɗigo da kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi, mai jure zafi na watanni. Jarirai fiye da 3,500 aka bi diddiginsu. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ya rage zawon rota mai tsanani da kashi biyu cikin uku. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, aka fara saye don wasu ƙasashe.

*Misali na 5.* Ana kai jariri lamba yana da mako 6, da 10, da 14. An haifi yaro ranar Juma'a 1 ga Maris. Mako 6 kwana 42 ne, wato Juma'a 12 ga Afrilu. A ƙara kwana 28, Juma'a 10 ga Mayu. A sake ƙara 28, Juma'a 7 ga Yuni. Wanda bai riƙe kwanan wata ba ya ƙirga Juma'o'i: shida, sannan huɗu, sannan huɗu.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin cuta da annoba? Ba da misali ɗaya daga garinku.
2. Me ya bambanta tafiyar 1841 da ta 1854 a kogin Kwara?
3. Faɗi aibi biyu na tsagar agana ta gargajiya.
4. A ƙauye mai mutum 800 da duka suka kamu, mutum nawa za su rasu idan 14 cikin 100 ke mutuwa? Nawa idan 2 cikin 100 ne?
5. Me ke sa mai kuturta ya rasa yatsu? Wace alama ce ta farko?
6. Sukari da gishiri nawa za a zuba a rabin lita na ruwa?
7. Igiyar awo ta nuna milimita 120. Wane launi ne, kuma me za a yi?
8. Me ya sa maganin da ba ya buƙatar firji yake da muhimmanci a ƙauyukanmu? Kawo misali biyu daga darasin.
9. An haifi yarinya ranar Litinin 3 ga Yuni. Lissafa ranakun lambarta uku.
10. Aikin gida: ku zauna da wani dattijo ko tsohuwa a unguwarku, ku tambaye su annobar da suka fi tunawa, abin da mutane suka yi, da wanda ya ba da magani. Ku rubuta layi goma ku kawo aji.